Rahoton Kwarin Unguwarmu Ya Zama Sirri

Shekara biyu ke nan da wasu mutane masu hular kwano da rigar lemo suka zo unguwarmu, suka yi kwana uku suna aune-aune a bakin kwarin da ke cin gidaje duk damina. Mai unguwa ya ce ƙwararru ne gwamnati ta ɗauko daga wani kamfani, irin waɗanda 'yan ofis ke kira kwansaltan. Sun tafi, ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. Kwari kuwa bara ya cinye katangar Baba Liman har da makewayi.

Sai na ce bari in nemi rahoton da suka rubuta. Na san Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2011, ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, kuma ba dole ba ne mai nema ya faɗi dalilinsa. Na rubuta wasiƙa, na kai ofishin da abin ya shafa, na sa akawu ya buga mini hatimi a kwafina. Wannan hatimin kaɗai ya ci mini yini guda.

Sati uku shiru. Da na koma, wani jami'i mai fara'a ya zaunar da ni, har da ruwan sanyi. Ya ce, "Malam, rahoton nan fa na kamfanin ne, akwai sirrin sana'arsu a ciki."

Na ce, "Ranka ya daɗe, da kuɗin wa aka biya su?"

Ya yi murmushi ya ce in ƙara haƙuri.

Ba ƙarya ya yi gaba ɗaya ba. Sashe na 15 na dokar ya yarda a ɓoye sirrin kasuwancin wani kamfani idan fitar da shi zai cuce shi. Amma sashen nan dai shi ya ce a fitar in maganar ta shafi lafiyar jama'a ko tsaronsu ko muhalli, matuƙar amfanin jama'a ya rinjayi asarar kamfanin. Sashe na 2 ma ya sa jerin sunayen rahotannin da 'yan kwangila masu zaman kansu suka rubuta wa hukuma cikin abubuwan da ya kamata a wallafa tun kafin wani ya tambaya. Ni ban nemi sanin yadda suke lissafin ribarsu ba. So nake in san gida nawa suka ce kwarin zai ci, kuma me suka ce a yi. In akwai shafin sirri, a rufe shi a ba ni saura.

Abin ya tuna mini rikicin dala miliyan 418 da wasu kwansaltan suka ce suna bin jihohi da ƙananan hukumomi kan kuɗin Paris Club, wato ƙungiyar ƙasashen da suka ba Najeriya bashi, gwamnoni suna ja, talaka bai ga takardar aikin da aka yi ba.

Dokar ta ba ni kwana 30 in kai ƙara kotu. Na tambayi wani lauya ɗan ajinmu kuɗin shigar da ƙara, sai na ga ya fi abin da muka tara na buhunan yashi. Yashin muka saya. Wasiƙa ta biyu kuma tana jakata, ranar Litinin zan kai, wannan karon da sa hannun magidanta goma sha huɗu.