Godiya ta musamman, yau wata uku rabona da omeprazole

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillah, yau wata uku cif ban sa omeprazole, maganin rage asid ɗin ciki, a bakina ba, bayan shekara 6 ina haɗiyarsa kullum da safe kafin in karya, shi ne na ce bari in fito in gode wa waɗanda suka tsaya min, don wallahi da ni kaɗai ne da tuni na koma.

Asali ƙwannafi ne ya dame ni aka rubuta min 20mg na sati huɗu. Na ji sauƙi na ajiye, kwana uku tsakani ƙirjina ya kama da wuta har ya fi na farko, na koma. Haka nai ta yi, in daina ya dawo in koma, har na sa a raina cewa olsa ce ta zauna min kenan, ban ƙara zuwa wajen likita a kai ba, in ya ƙare in sayo wani.

Likita, ke ce ta farko. Kasala ce ta kai ni wajenki da ƙafata da take riƙewa cikin dare, da kika tambayi magungunan da nake sha ban ma lissafa shi ba don na daina ganinsa a matsayin magani, sai da kika sake tambaya. Gwajin jini ya nuna magnesiyam ɗina ya yi ƙasa, bitamin B12 ma haka. Kika ce B12 sai da asid ɗin ciki yake fita daga jikin abinci, kuma tun 2011 hukumar magunguna ta Amurka FDA ta yi gargaɗi kan faɗuwar magnesiyam ga masu daɗewa a kan irin wannan magani. Amma maganar da ta fi shiga raina ita ce ta wutar nan da take dawowa. Kika ce in an daɗe ana danne asid, jiki yana ƙara wani sinadari gastrin da yake zuga ciki ya yi asid, to ranar da aka cire maganin farat ɗaya sai abin ya ɓalle kamar an fasa madatsar ruwa, kuma yana lafawa da kansa cikin 'yan makonni. Kenan shekara 6 abin da nake ɗauka ciwona ne ya dawo, yawancinsa rashin maganin ne jiki yake nunawa. Ranar na daɗe zaune a mota ina juya maganar.

Ba ki ce in yar da shi nan take ba. Sai da aka zura min kyamara ta maƙogwaro aka ga babu gyambo, sannan muka sauka zuwa 10mg, daga nan in sha yau in tsallake gobe, sannan muka tsaya, da famotidine (wani maganin rage asid ɗin daban) na dare in abin ya matsa da Gaviscon (maganin ƙwannafi) bayan cin abinci. Gwajin H. pylori ma, ƙwayar cutar da take kawo olsa, sai da na yi sati biyu ba omeprazole aka yi shi, don kin ce yana iya ɓoye ƙwayar a ce babu alhali tana nan. Ya fito babu.

Uwargida, ban san da wane baki zan gode miki ba. Sati na biyu bayan na tsaya shi ya fi wuya, a zaune nake kwana ruwa mai ɗaci na taso min har wuya, ke ma ba kya runtsawa, ke kika sa aka ɗaga kan gadon wajen santimita 15, kika dawo da abincin dare da wuri yadda sai na yi awa uku kafin in kwanta, in na juya ki ce koma gefen hagu. Daren da na ce ki miƙo min kwalin na gaji, kika ce in ƙara haƙuri zuwa safiya mu kira likita. Allah ya saka miki da aljanna.

Ƙanwata nas ɗinmu, ke kika ga ibuprofen a jakata kika yi min faɗa kamar ke ce babba, kuma kin yi gaskiya, shi ma yana cin ciki.

Masu turo min saƙo suna tambaya yadda na yi, don Allah ku fara ganin likita. Kawuna da ya ga na samu lafiya ya ce shi ma zai ajiye nasa, na kai shi, aka ce shi kam a'a saboda yana shan asfirin kullum don zuciya kuma olsarsa ta taɓa zubar da jini, maganin kare shi yake yi.

Har yanzu in na cika ciki da dare nakan ji ɗan zafi, amma ƙafar ta daina riƙewa. Wata mai zuwa zan koma a sake auna jinin, ku sa ni a addu'a.