Asabar da dare: abin da Auta ya sani game da Yobo

Tun bayan la'asar maganar Auta take yi mini yawo a rai, kuma har yanzu da kowa ya kwanta ba ta sake ni ba. Muna zaune a zaure ni da shi da Kawu, muna jiran a kawo wuta mu kalli wasa, sai Kawu ya ambaci Joseph Yobo, tsohon ɗan wasan baya kuma kyaftin ɗin Super Eagles. Auta bai ko ɗaga kai daga wayarsa ba ya ce, "Yaya, ba shi ne ya ci gida a wasanmu da Faransa ba?" Na ce shi ne. Ya ce iyakar abin da ya sani game da shi ke nan.

Ban ga laifin yaron ba, domin yana ƙarami a gasar cin kofin duniya ta 2014 lokacin da ƙwallon nan ta bugi Yobo ta faɗa ragar golanmu Enyeama ana dab da tashi, bayan Pogba ya riga ya ci ta farko. Abin da ya sosa mini rai shi ne wannan ne wasansa na ƙarshe da rigar Najeriya, shi da ya fara kai wasa 100 a tarihin Super Eagles, ya kuma je gasar cin kofin duniya sau uku, a 2002 da 2010 da 2014. Na gaya wa Auta cewa Yobo ne ɗan wasa na farko da David Moyes ya ɗauko wa Everton a 2002, aro daga Marseille, kuma a kakar 2006/07 babu minti ɗaya na wasannin Firimiya 38 da aka buga ba ya cikin fili. Duk wanda ya taɓa tsaron baya, ko a filin unguwa ne, ya san nauyin wannan: ba rauni, ba jan kati, kuma koci bai taɓa ganin dalilin cire shi ba. Sai dai ƙwallon da mutum ya tare ba a yanko ta a tura wa yara a waya.

Kawu bai goyi bayana duka ba. Ya ce kofin Afirka na 2013 na Omeruo da Oboabona ne, tunda su koci Keshi ya ɗora a baya, Yobo kuwa yana benci, sai a mintunan ƙarshe na wasan ƙarshe da Burkina Faso aka sako shi ya zo ya ɗaga kofi. Gaskiya ya faɗa, amma na tuna masa cewa mutumin ya dawo gida daga gasar da lambar tagulla har sau huɗu kafin ranar, saboda haka ni ban ga wanda ya fi shi cancantar riƙe kofin nan a Johannesburg ba. Ba mu ko kai ga zamansa a Fenerbahçe ba aka kira magariba.

Ba a kawo wutar ba, sai Auta ya tafi gidan kallo, Kawu ya wuce gida.

Bayan isha'i na nemo bidiyon wasanmu da Sweden a gasar cin kofin duniya ta 2002, ƙwallo ɗaya tilo da muka ci a gasar. Kowa yana tuna alkafurar da Aghahowa ya yi ta yi bayan ya ci da ka, amma wanda ya bugo masa ƙwallon daga gefen dama Yobo ne, yana ɗan shekara 21. Na tura wa Auta, na rubuta masa ya dubi wanda ya bugo ta. Na duba wayata sau uku, har yanzu bai buɗe saƙon ba.