Makirufon wuya: ba hasken ba ne abin tsoro

Murya ita ce jarin mai koyarwa, ni kuwa kowane hunturu sai tawa ta dushe. Ga ƙurar Yamai, ga garin alli, ga aji cike maƙil. Shi ya sa da makarantarmu ta sayo makirufon da ake ratayawa a wuya, mai aiki da hasken infirared, wato hasken da ido ba ya gani, ni na fara miƙa hannu. Wata abokiyar aikina da ta girme ni ta ƙi ko taɓa shi. Ta ce, "Mushe, abin da zai yini yana haska mini ƙirji? Wa ya san abin da yake shukawa a jiki?"

Na ce, "Hajiya, ai kina da ɗan'uwansa a gida." Telekomand ɗin tele da wannan hasken yake aiki. Na saita shi ga kyamarar salula na danna, ta ga ɗan ƙwan yana walƙiya, alhali ido bai ga komai ba. Haka makirufon yake: ƙananan ƙwayayen fitila ne ke juya murya ta zama haske, wata na'ura a saman ɗaki ta cafke, ta miƙa wa lasifika.

Hasken ba sabon abu ba ne. Tun 1800 masanin taurari William Herschel ya gano shi a cikin hasken rana, da ma'aunin zafi. Ba jinsi ɗaya ba ne da na hoton ƙashi da ake ɗauka a likita, wanda ke ratsa jiki har yawansa ya iya lalata ƙwayoyin halitta. Infirared ba shi da wannan ƙarfin, iyakarsa ya ɗumama abu. Kusan rabin ƙarfin ranar da ke sauka ƙasa ma infirared ne, to wanda ke taka Yamai da ƙafa a watan Afrilu ya sha abin da ya fi na makirufo nesa ba kusa ba. A aji ma ina ganin haka: in na tsaya bakin taga rana ta buge ni, sai sauti ya fara yankewa, don ta danne ɗan hasken nasa. Bango kuwa ba ya ratsawa, saboda haka in na fita waje na manta ban kashe ba, yara ba sa jin hirata da mai gadi.

Wuri ɗaya na yarda a yi hattara da hasken: ido. Tunda ba a ganinsa, ido ba ya ƙiftawa don kare kansa. Akwai ƙa'idar duniya, IEC 62471, da ake auna fitilu da ita kan haka. Duk da haka ba na barin yaro ya manna ƙwan a idonsa wai yana leƙe.

Abin da ke hana ni sakewa shi ne batirin. Na lithiyom ne, kuma ba ya shiri da zafi. Ba a so a yi masa caji in zafi ya haura digiri 45, mu kuwa a bazara inuwa ma tana wuce 40, balle kabad ɗin ƙarfe a ɗaki mai rufin kwano. Ga kuran, wato wutar lantarki, da ke tafiya ya dawo da ƙarfi. Batirin da ya kumbura yana iya kamawa da wuta, kuma a kan ƙirjin mutum yake rataye. Ni da safe nake sa cajin, a ƙasa kan siminti, in cire da zarar ya cika. In na ga bayansa ya fara tasowa ko yana zafi a hannu, ba zan rataya ba, ko darekta zai yi fushi.

Sai igiya. A duba ko tana da mahaɗin da ke ɓallewa da kansa in an fizge ta, musamman ga masu ajin ƙananan yara, da mata masu lulluɓi da ba a ganin inda ta sarƙafe. Wasu makirufon da maganaɗisu ake maƙala su, mai na'urar bugun zuciya a ƙirji sai ya nisanta shi da aƙalla santimita 15, ya kuma tambayi likitansa. In ana karɓa-karɓa da shi, a goge kafin a miƙa, don lokacin mura ba abin da ya kai shi kusa da baki.