Yini guda a Springfield, garin da Lincoln ya yi aikin lauya

Jirgin ƙasa na bi daga Chicago, tafiyar awa uku da 'yan kai, hanya duk gonakin masara ne iya ganinka. Springfield ce hedikwatar jihar Illinois, amma ba wani babban gari ba ne. Da ƙafa na taka daga tasha har gidan Abraham Lincoln, tsohon shugaban Amurka, a mahaɗar titin Eighth da Jackson.

Shiga kyauta ne, domin da wannan sharaɗi ɗansa Robert ya ba jihar gidan a 1887. Sai dai ba a dosar ƙofa kai tsaye. Sai ka biya ofishin baƙi ka karɓi tikiti mai ɗauke da lokacin shigarka, don rukuni-rukuni ake shiga tare da ɗan rakiya. Wanda ya yi rana, musamman lokacin da 'yan makaranta ke zuwa mota-mota, zai sha jira, ko ya tarar tikitin ranar ya ƙare.

Gidan na katako ne. A 1844 Lincoln ya saye shi kan dala 1,500, ya zauna ciki shekara 17, kuma shi kaɗai ne gidan da ya taɓa mallaka. A 1856 aka ɗaga shi ya zama cikakken bene. Kusan komai an hana taɓawa, ban da makarin matakala, wanda shi ne na asali. A ɗakin kwanansa madubin aski na rataye can sama, sai ka yi ɗage, mutumin ya kai santimita 193. A falon ƙasa kuma wakilan jam'iyyar Republican suka same shi a watan Mayun 1860, suka shaida masa an tsayar da shi takarar shugaban Amurka. Falon bai fi na matsakaicin ɗan kasuwa ba.

Tsohon ginin majalisar jiha na kusa. Nan ya yi jawabin 1858 kan cewa ƙasar ba za ta ɗore rabi da bauta rabi babu ba, ya kuma faɗi takarar sanata a hannun Stephen Douglas. Ban daɗe a nan ba.

Kabarin Lincoln na maƙabartar Oak Ridge, arewa da gari, wajen kilomita uku. Gara a nemi mota. A ƙofa akwai kansa na tagulla, hancin ya yi fes saboda shafar masu neman sa'a. Dutsen da ke ciki alama ce kawai. A 1876 wasu masu buga jabun kuɗi sun yi yunƙurin sace gawar don su yi fansar abokin harkarsu da ke kurkuku, asirinsu ya tonu. Shi ya sa a 1901 aka sa akwatin cikin kejin ƙarfe, aka zura shi ƙasa kimanin mita uku, aka malale da kankare. Matarsa Mary da 'ya'yansu uku na cikin ginin. Robert kuwa a maƙabartar sojoji ta Arlington, kusa da birnin Washington, aka binne shi.