Gashin aro Gizo ya tashi da shi: ga ƙannena masu shiga dillancin gidaje a Makka

Kwanaki ɗan ƙanwata ya same ni a ofis bayan la'asar yace Kawu ni fa harkar gidaje nake son shiga, ya ake yi mutum ya yi kuɗi da wuri a ciki. Na daɗe ina kallonsa don wallahi kaina na gani shekara ashirin baya, irin zumuɗin nan da ƙafa ba ta zama wuri ɗaya. Abin da na gaya masa shi zan rubuta muku, don nasan ba shi kaɗai bane, yaranmu da yawa daga Shara Mansur zuwa Hindawiyya da Misfala yanzu kowa idonsa na kan gidaje.

Kakarmu Allah ya jiƙanta da ƙafa ta zo ƙasar nan ta Saudiyya, ta yi shekaru a Wad Madani ta ƙasar Sudan suna tsinkar auduga kafin su tara na jirgin ruwa su tsallako Bahar Maliya. Da daddare in zafi ya hana barci a ɗaki sai mu hau saman soro ta ce ga ta nan ga ta nanku, mu ce ta zo mu ji ta. Kuma kusan kullum Gizo ne. Kuskurena na farko tun a saman soron nan na yi shi, don ni Gizo burge ni yake yi. Ina jin yadda yake juya manyan dawa ina cewa a raina haka mai wayo yake rayuwa, ban taɓa tsayawa na lura da inda tatsuniyar take ajiye shi ba.

Kun san wadda ya ci bashin hatsi wajen giwa ya je ya ci wajen dorina, ya yi wa kowannensu alkawarin doki, da lokacin biya ya yi sai ya samo doguwar igiya ya ba giwa baki ɗaya a tudu ya ba dorina ɗayan a ruwa yace kowa ya ja dokinsa, suka wuni suna jan juna shi yana gefe. To na yi wannan da hannuna. Wani dattijo Bahaushe mai gidaje a Hindawiyya ya ba ni shigga, wato sashen haya a cikin bene, mai ɗaki uku in samo masa ɗan haya, yace riyal dubu 22 a shekara ya ishe shi. Na samo wani bawan Allah mai iyali na ce masa mai gida dubu 27 yace kuma ba ragi. Lokacin komai da baki ake yi sai 'yar takardar da ni nake rubutawa, ni nake karɓa ni nake kaiwa, dubu biyar tana zama a aljihuna ban da la'adata da na riga na karɓa. Shekara biyu ana haka kuma ban bari sun haɗu ba, in famfo ya lalace ni ne a tsakiya, in ɗan haya yace zai je ya gaida mai gida in ce ai ba ya son damu.

A wajen ta'aziyya suka haɗu. Tabarma ɗaya, hira ta kawo hira, ɗan haya ya ce Baba a duba mana kuɗin nan ya yi mana nauyi.

Washegari dattijon ya aiko a kira ni. Bai ɗaga murya ba ko kaɗan, shayi ma ya zuba min da hannunsa. Yace ɗana da ka ce min kana da buƙatar dubu biyar da na ba ka, amma ka sa bawan Allah yana kwana yana jin haushina a kan kuɗin da ban taɓa gani ba. Sai ya buɗe tafin hannunsa ya miƙo. Makullan gidajensa uku suna wajena a ɗaure da wani koren zare, na ciro na ɗora masa, hannuna na rawa har ɗaya ya faɗi ƙasa. Na mayar wa ɗan hayar kuɗinsa daga baya amma makullan nan ba su dawo ba har ya rasu. Gizo yana da dajin da zai shige in giwa da dorina sun gane, kai dillali a Makka ba ka da shi, masallaci ɗaya ne, bikin aure ɗaya, makabartar Ma'alla ko ta Shara'i duk tare za ku raka gawa.

Yanzu ma hukuma ta toshe wannan ƙofar sosai. Tun 2018 yarjejeniyar haya ta koma kan Ijar, manhajar gwamnati ta rajistar haya, sunan mai gida da na ɗan haya da adadin kuɗi duk a rubuce kowa yana gani a wayarsa. Dokar dillancin gidaje da ta fara aiki a 2023 ta ce sai kana da lasisin Fal daga hukumar kula da harkar gidaje, yarjejeniyarka da mai gida sai a rubuce, kuma la'ada, wadda a nan muke ce wa sa'ayi, kashi 2.5 cikin ɗari ce na kuɗin sayarwa ko na hayar shekarar farko sai in kun rubuta wani abu daban. Wasu tsofaffin abokan sana'a suna ƙorafi wai an takura, ni kam da wannan tsarin yana nan tun ina yaro da ya kare ni daga kaina. Kuma ƙanina in igama, wato takardar zama ta baƙo, kake da ita ba takardar ɗan ƙasa ba, kar wani ya ruɗe ka yace buɗe ofis da sunansa kai ka riƙa juyawa, wannan shi ne tasattur, hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Ka nemi hanyar da doka ta yarda da ita ko da kuɗinta kaɗan ne.

Amma wadda ta fi ci min rai ita ce ta Gizo da hankaki. Hankaki suna da wani ɓaure a tsakiyar ruwa, Gizo ya dame su da roƙo su tafi da shi, har ya kasa haƙurin gari ya waye yana ta tashinsu cikin dare. Suka tausaya masa kowa ya cire gashi ɗaya ya ba shi ya liƙa ya tashi tare da su. Da aka sauka a kan bishiya duk ɓauren da hankaka ya nufa sai Gizo yace kai bari, na riga ka gani. Ya hana masu bishiyar cin abinsu. Kowa ya zare gashinsa suka tashi suka bar shi a reshe, ƙasa ruwa.

Ni ma ba da gashina na tashi ba. Dattawan dillalai huɗu ne suka riƙe ni ina saurayi, a wani ɗan ofis muke zama mai fanka ɗaya. Wannan ya haɗa ni da masu gidaje a Aziziyya, wancan ya koya min duba tankin ruwa da gane bangon da aka shafe da sabon fenti don a ɓoye laima, yace ka ɗora bayan hannunka in ka ji sanyi to akwai magana, ɗaya kuma shi ya fara gabatar da ni ga masu kawo alhazai daga Najeriya da Nijar yace wannan ɗanmu ne ku yarda da shi. Kalmar nan ta ɗanmu ne ita ce jarina gaba ɗaya, ban da ita ba ni da ko sisi. Da na fara jin ƙarfi sai na soma zagayewa. In na ji ɗayansu yana cinikin wata imara, wato bene mai sassan haya da yawa, sai in riga shi zuwa wajen mai ita in ce ni zan kawo maka mutane kai tsaye ba sai an raba la'ada ba. Na karɓe lambobin mutanensu ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya yi faɗa da ni, kawai na lura in na shigo ana sauya hira, daga baya aka daina kirana shan shayin bayan isha. A lokacin har daɗi na ji wai na zama mai cin gashin kaina.

Hajjin 2019 mutum kusan miliyan biyu da rabi suka yi, na samu alheri sosai. Sai na yanke shawarar in daina zama ɗan tsakiya, in kama gidaje da kaina tun da wuri in sayar wa masu alhazai da tsada. Na kama imara biyu masu takardar izinin saukar alhazai, na biya kafin alƙalami mai nauyi da kaso na farko tun kafin azumi ya matso. Kuɗina bai kai ba sai na bi 'yan uwa, na karɓi kuɗin adashin wasu mata, har da wata gwaggona mai takaba da ta ba ni abin da mijinta ya bari tace ɗana ka juya min. Ko takarda ban rubuta musu ba. A yarjejeniyar masu gidajen ma ba layi ɗaya da ya ce in alhazai ba su zo ba ga yadda za a yi, don wa zai kawo wannan a ransa. Akwai labarin nan na Kalila wa Dimna da muka karanta a makaranta, mutumin da ya rataye tulun zuma da man shanu a saman kansa yana kwance yana lissafin zai sayar ya sayi awaki su hayayyafa ya yi aure ya haifi ɗa, ya ɗaga sanda wai zai hori ɗan ya fasa tulun. Haka nake kwana, na riga na raba ribar da ban gani ba, har filin da zan saya na zaɓa.

Ƙarshen Fabrairun 2020 aka dakatar da shigowar masu Umra saboda korona. Hajjin shekarar mutane ƙalilan ne daga cikin ƙasa suka yi. Ɗaya mai gidan ya ji tsoron Allah ya dawo min da rabi, ɗayan yace sai dai a ɗaga zuwa baɗi, baɗin ta zo 2021 aka ce mutum dubu 60 kawai kuma duk mazauna ƙasa. Ina da makullan ɗakuna sama da ɗari, katifu a jere da ledarsu, ba ko mutum ɗaya. Annoba daga Allah take wannan ba laifin kowa bane, ta taɓa kowa har manyan otal. Laifina shi ne na saka kuɗin marayu a abin da ko sharaɗin fita ban rubuta ba, kuma na shiga ni kaɗai. Dattawan nan su ma sun yi asara amma su huɗu ne, suka haɗu suka je wa masu gidajensu da murya ɗaya aka sasanta, aka juya wasu gidajen zuwa hayar shekara. Ni na ɗauki waya in kira wani in rasa wa zan kira.

Don haka abin da na ce wa ɗan ƙanwata, duk wanda ya haɗa ka da mutum ka kai masa rabonsa har gida tun kafin ya tambaya, ko da cinikin ya zo bayan shekara uku. Mai gida da ɗan haya ka zaunar da su wuri ɗaya su ji adadi daga bakin juna. Aibin gida ka faɗa da bakinka, in ruwa ba ya hawa sama sai an kira wayit, wato tankar ruwa, ka faɗa, wanda zai fasa ya fasa. Kuɗin mutane kuma in ba za ka iya kallon idon mai shi ka ce ya tafi ba, to kar ka karɓa, in ka karɓa a rubuta da shaidu.

Bayan an buɗe wa alhazan waje hanya a 2022 na tattara ƙarfin hali na je gaida ɗaya daga cikin dattawan, biyu sun riga sun rasu ban nemi yafiyarsu ba, wannan yana nan a ƙirjina. Na durƙusa na ce Baba na zo ne ka yafe min. Ya yi shiru ya ja carbinsa, can yace Allah ya yafe mana baki ɗaya, tashi ka zauna a kujera. Bayan wata biyu ya kira ni yace akwai wata 'yar shigga a Rusaifa ka je ka duba min tankinta. Da ita na sake farawa.

Matan adashi na gama biyansu bara. Saura gwaggo. Duk ƙarshen wata nake kai mata abin da ya samu, tana da wani ɗan littafi da jikarta take rubuta mata a ciki, ta ƙirga a hankali ta sa a ƙarƙashin filo sannan ta ce a kawo min abinci. Watan jiya da ɗan ƙanwar tawa muka je, na sa shi ya riƙe littafin ya karanta abin da ya rage da bakinsa.