Abin da na koya tsakanin Mararaba da ofis

Lokacin da gwamnatin tarayya ta kafa dokar kulle a Abuja da Legas da Ogun a ƙarshen watan Maris na 2020 saboda korona, litar fetur ba ta kai naira 150 ba. A wurin aikinmu aka ce kowa ya ɗauki kwamfutarsa ya koma gida. Mun zaci abin na 'yan makonni ne, sai ga shi ya ɗauki shekaru. Kafin a sake kiranmu ofis, an cire tallafin mai tun ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Takardar da ta ce mu dawo gajeriya ce, kuma ba ta ambaci hanya ba ko da kalma ɗaya, alhali hanyar ce ta fi komai sauya mini rayuwa.

A Mararaba nake zaune. Garin yana cikin jihar Nasarawa, amma da wuya ka sami gidan da babu mai shiga Abuja neman abinci. Mutanen Masaka da Ado da Mararaba da Nyanya da Karu duk titin Keffi ɗaya suke haɗuwa a kai, su bi ta Kugbo zuwa shataletalen AYA, daga nan kowa ya kama gabansa. Jirgin ƙasan cikin gari da aka sake buɗewa a watan Mayu na 2024 ta ɓangaren Kubwa da filin jirgin sama yake bi, bai leƙo wajenmu ba. Wannan titi yana da nasa lissafin. Wanda ya fito yana idar da sallar asuba zai iya isa Wuse cikin natsuwa, har ya sha shayi kafin a buɗe ofis. Wanda ya ƙara rabin awa a gida, ba rabin awa zai makara ba, gosulo zai cinye masa safiyar gaba ɗaya. Da na gane haka sai na fahimci cewa aikin gobe da daddare ake fara shi: a goge kaya, a zuba abinci a kula, a tanadi canjin kuɗin mota, a ajiye waya a kwanta bayan isha'i. Zaman aiki a gida ya saba mana da hira har tsakar dare, kuma jiki ba ya barin wannan sabo da sauƙi.

Maganar kuɗi kuwa, ba zan ce aiki daga gida kyauta ne ba. Mun sayi data, mun zuba mai a janareto, mai hali ya haɗa sola. Duk da haka kuɗin mota na zuwa da dawowa ya fi su ciwo, domin kullum ne, kuma yana tashi duk ranar da aka yi ruwan sama ko aka fara layi a gidajen mai. Abin da ya rufa mana asiri shi ne karo-karo. Mu 'yan unguwa ɗaya muka haɗu, mai mota ya riƙa ɗaukarmu, mu kuma mu haɗa masa kuɗin mai duk mako. Banda sauƙin aljihu, akwai kwanciyar hankali, domin duk wanda yake Abuja ya san labarin 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja kamar motar haya su yi masa fashi a hanya. Mace da ta tashi aiki bayan magariba tana tsaye bakin titi tana duba fuskokin da ke cikin kowace mota kafin ta shiga, wannan ma wani nauyi ne da ba a rubuta shi cikin takardar albashi.

Duk da wannan wahala, ofis ya mayar mini da abin da ban san na rasa ba. A shekarun da muka yi a gida, saƙo ya zama buƙata zalla: turo mini kaza, ina rahoton nan, me ya sa ba a gama ba. Gaisuwa ta ragu ta koma kalma biyu a saman saƙo. Mu kuwa mutane ne da magana ba ta shiga sai an gaisa, an tambayi iyali da gajiya. Saɓanin da zai kwana uku ana ja-in-ja a kansa a WhatsApp, na ga an kashe shi a kan hanyar dawowa daga sallar azahar, ba tare da an kira shi saɓani ba. A ofis nake ganin wanda ya zo da fuska a ɓace, in san yau ba ranar matsa masa ba ce. A ofis ake jin an yi wa wane rasuwa, a tashi a je ta'aziyya tare.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne matasan da aka ɗauka aiki a lokacin kulle. Sun iya kwamfuta fiye da mu, amma ba su taɓa zama kusa da wani babba suna jin yadda yake lallashin abokin hulɗa da ya fusata a waya ba. Irin wannan ilimi ba a shirya masa taro, a gefe ake tsintarsa. Wata yarinya da take hidimar ƙasa a sashenmu ta taɓa ce mini, "Yaya, da a gida nake, da kunya ba za ta bar ni in kira ka a kan wannan 'yar tambayar ba." Tambayar kuwa ita ce ginshiƙin aikin da aka ba ta. Tun daga nan nake barin kujerar gefen teburina babu kaya a kai, kuma nake cire abin kunne idan ba taro nake ba.

Abin da har yanzu zuciyata ba ta karɓa ba shi ne mutum ya sha gosulon Kugbo, ya iso a gajiye, sannan ya wuni yana taro ta Zoom da mutanen da suke Legas ko Landan. Wannan aikin da a ɗakinsa ya yi shi, da ya fi kyau. Haka nan rubutun rahoto da lissafi mai buƙatar shiru, ofis mai hayaniya ba wurinsu ba ne. Ni dai na raba aikina: abin da ke son natsuwa da sassafe kafin mutane su cika, abin da ke son shawara da haɗa kai bayan haka. Amma wannan dabarar mutum ɗaya ce, ba ta isa ta gyara tsarin da ke auna ma'aikaci da yawan zamansa a kujera ba.

Kuma sassauci ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Jihar Kaduna ta koma aikin kwana huɗu a mako a Disamba na 2021. Bayan cire tallafin mai, Edo ta rage wa ma'aikatanta ranakun zuwa ofis zuwa uku, Kwara ma ta gwada haka na ɗan lokaci. Da waɗannan misalan muka shirya kai wa shugabanmu roƙo biyu: a bar wasu ranaku na aiki daga gida, kuma a yarda mai zuwa da wuri ya tashi da wuri, musamman iyaye mata masu ɗauko yara daga makaranta.

Muna cikin rubuta roƙon ne dattijon masinjanmu, wanda yake zuwa daga Masaka, ya tsaya yana saurare. Ya ce, "Malam, mu fa tun da aka sassauta kulle muke kan hanyar nan." Na ce, "Gaskiya ne, Baba." Shi da masu gadi da masu shara da direbobi ba su da aikin da za a yi ta intanet, kuma su ne masu ƙaramin albashi. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, kowa kuma zai iya lissafa abin da zai rage idan aka cire kuɗin motar Masaka zuwa Wuse na wata guda. Sai muka ƙara roƙo na uku, muka sa shi a sama da sauran: a ba su alawus na mota, ko kuma a samar da bas ɗin ma'aikata da zai riƙa tashi daga Masaka da asuba.