Daga Kano na fita ta gabas, na dawo ta yamma

Kwana 47 na yi a hanya, amma shirin ya ci mini wata tara. Da farko taswira na shimfiɗa a tsakar ɗaki ina zaɓen garuruwan da raina ke so, har goma sha ɗaya. Bayan na fara zirga-zirgar Abuja ne na gane cewa mai koren fasfo ba shi ke zaɓen hanya ba, biza ce ke zaɓa masa.

Tikitin zagaya duniya na haɗakar kamfanonin Star Alliance na saya, don Ethiopian Airlines na cikinsu kuma yana sauka Kano. Ƙa'idojinsa ba su da yawa: ka fuskanci gabas ko yamma ka ɗore a kai, ka ƙetare tekun Pasifik sau ɗaya da Atlantika sau ɗaya, hawa jirgi kada ya wuce 16, ka kammala cikin shekara guda a ƙasar da ka fara. Sai na tsara Kano, Adis Ababa, Kuala Lumpur, Tokyo, Los Angeles, Washington, sannan Legas.

Wahalar tana wajen jera bizar. Fasfo ɗaya ne, kuma in yana hannun wannan ofishin jakadanci ba ya hannun wancan. Bizar Japan ta shiga sau ɗaya wata uku kawai take yi daga ranar da aka buga ta, don haka in ka yi gaggawar karɓa sai ta mutu kana hanya. Amurka kuwa ko wucewa kawai za ka yi ta filin jirginsu sai da biza, ga jiran ranar ganawa mai tsawo. Ita ya kamata in fara nema tun kafin komai, ni kuma na bar ta ƙarshe, abin da ya sa na ɗaga tafiyar sau biyu. A cikin wannan jiran ne, a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 ta haura 700 a farashin hukuma. Garuruwa biyar na soke a dare ɗaya, ciki har da Istanbul, wadda har yau tana cikin raina. Katin rigakafin shawara da fasfo mai sauran aƙalla wata shida, waɗannan ba su ba ni matsala ba.

Abin da ban taɓa kawowa a rai ba shi ne layin canjin rana da ke tsakiyar Pasifik. Na tashi daga Tokyo ranar Talata da misalin biyar na yamma, muka yi wajen awa goma a sama, na sauka Los Angeles da hantsin Talatar nan dai. Ni kuwa ɗakin otal daga Laraba na kama, sai da na biya kuɗin ƙarin kwana. Sallah ta fi damuna. Na yi azahar da la'asar a Tokyo, magariba da isha'i da asuba duk a kujerar jirgi cikin wani gajeren dare, ga kuma wata azahar ɗin tana jirana. Allah Ya sa kafin in bar gida na je wurin malaminmu na unguwa.

"Allah Ya gafarta Malam, in rana ta rikice mini a sama fa, da wane agogo zan yi aiki?"

Ya ce, "Ɗana, bar agogo. Dubi ranar inda kake, ka yi ƙasaru, Allah bai ɗora maka abin da ba za ka iya ba."

Da wannan na yi aiki har Legas. Kilishin da na yi guzuri kuwa tun a Kuala Lumpur na raba wa ɗalibanmu da ke karatu a can, domin Japan ba ta yarda matafiyi ya shigo mata da nama.